Zaɓen boilar gas ga gida mai mutum shida a Manchesta

Gidan bene ne mai ɗakunan kwana uku, irin waɗanda aka gina da yawa a Ingila cikin shekarun 1930, bango ɗaya ya haɗa shi da na maƙwabci. Mutum shida ke ciki: maigida, uwargida, yara uku, da mahaifiyar maigidan wadda sanyi ke taɓa wa gwiwa. Banɗaki ɗaya ne a sama mai baho da shawa, sai ƙaramin bayi a ƙasa mai wurin wanke hannu, inda aka fi yin alwala. Radiyeta tara ke ɗumama ɗakunan, wato faffaɗan ƙarafan nan na jikin bango da ruwan zafi ke zagayawa a ciki. Aikinsu ɗaya da lagireton mota, sai dai a nan zafin da suke fitarwa shi ake nema.

Boilar gidan, tukunyar gas ɗin da ke dafa wannan ruwa, ta haura shekara 20. Irin ta da ce, wadda ba ta aiki ita kaɗai: akwai babban tankin ruwan sanyi da wani ƙarami a cikin rufi, da silindar jan ƙarfe mai cin lita 120 a wani kabad da ke saman bene, inda ake tara ruwan wanka. Kuɗin gas ya yi yawa, kayan gyaranta sun fara wuyar samu, amma abin da ya fi damun masu gidan shi ne ruwan zafi ba ya kai wa mutum na uku da safe. Wannan ba lalacewa ba ce, lissafi ne. Wanka na minti 8 da shawa mai zubar da lita 9 a minti yana cin lita 72 na ruwa mai ɗumin digiri 40. Ruwan silinda yana kan digiri 60, idan aka surka shi da na famfo mai digiri 5 a lokacin sanyi, lita 120 za ta ba da kusan lita 190. Wankan mutum biyu da rabi ke nan. Sauran sai su jira ta sake dafuwa.

Injiniyoyi uku suka ba da farashi. Na farko ya ƙirga radiyeta da kawunan mutanen gida, ya rubuta kombi, wato boila marar tanki, mai kilowat 40, a kan cewa gida mai jama'a sai babbar boila. Na biyu bai taka gidan ba, hotuna aka tura masa ta waya, ya ba da farashi mafi sauƙi a kan kombi mai kilowat 24, aikin yini ɗaya. Na uku ya shafe fiye da awa guda yana awo, ya rubuta kombi mai kilowat 30 da jerin wasu ayyuka da suka sa kuɗinsa ya ɗara na sauran. Nasa aka ɗauka, kuma shi ya dace da gidan.

Kombi boila ce da ke dafa ruwan famfo nan take yayin da yake wucewa ta cikinta, ba tanki, ba silinda. Ruwanta ba ya ƙarewa, amma iyakar abin da za ta iya dafawa a minti guda shi ake rabawa tsakanin duk famfunan da ke buɗe. Akwai kuma wadda ake kira sistem, mai aiki da silinda ba tare da tankin rufi ba, sai ta gargajiya irin wadda ke gidan. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lambar da ke jikin kombi. Kilowat 24 ko 30 ko 40 ɗin nan ƙarfin dafa ruwan famfo ne, ba abin da ɗakuna ke bukata ba. Ɗumama gida da dafa ruwan wanka tambayoyi biyu ne daban, kowacce da awonta.

Bokiti da agogo

Awon farko ba ya bukatar komai sai bokiti mai lita 10 da agogon waya. Ana yin sa a famfon ruwan sanyi na kicin, domin shi ke zuwa kai tsaye daga bututun titi. Famfunan sama a irin wannan gida daga tankin rufi suke sha, ba za su faɗi gaskiya ba. Da rana bokitin ya cika a daƙiƙa 43, wato lita 14 a minti. Da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da unguwa duka ke wanka, sai da ya ɗauki daƙiƙa 50: lita 12. Na safen shi ne abin riƙewa, tunda a lokacin ake rububin banɗaki. Ma'aunin matsi ya nuna bar 3 idan famfuna na rufe, ya sauka zuwa kusan ɗaya da rabi da aka buɗe biyu.

Daga nan lissafin gajere ne. A ninka litocin da ake so a minti da digirin da za a ƙara wa ruwan, a sake ninkawa da 0.07, abin da ya fito shi ne kilowat. A watan Janairu ruwan titi kan shigo da sanyin digiri 5 ko kusa da haka, wanka kuma yana son 40, don haka ƙarin digiri 35 ake nema, kuma a kan wannan ƙari kamfanoni suka saba rubuta ƙarfin kombinsu. Mai kilowat 24 za ta ba da lita 10 ba kaɗan a minti. Mai 30 za ta ba da 12 da ɗoriya. Mai 40 za ta iya 16 da wani abu, amma gidan lita 12 yake samu daga titi, kuma boila ba ta haifar ruwa. Kilowat 10 na sama kuɗi ne da za a biya a kan ƙarfin da ba za a taɓa amfani da shi ba.

Mai 24 kuwa da ta wadatar a gidan mutum biyu. A nan ba za ta yi ba, saboda yadda ake amfani da ruwa a gidan. Shawa na cin lita 8 zuwa 9. Da asuba ko kafin fita makaranta, yayin da wani ke wanka a sama, wani na alwala a ƙasa da ruwan ɗumi, ƙaramin famfon yana jan lita 3 zuwa 4. An kai 12 ke nan. Da mai 24, na cikin shawa zai ji ruwa ya rage ƙarfi ko ya huce duk sanda aka murɗa famfon ƙasa. Mai 30 tana ɗaukar su biyun, da ƙyar amma tana ɗauka. Famfo na uku, kamar na wanke-wanke, shi ne ba za ta iya ba, kuma an gaya wa masu gidan haka tun kafin su sa hannu.

An duba yiwuwar boilar sistem da sabuwar silinda mai aiki da matsin ruwan titi. Wankan mutum shida a jere zai so silinda mai lita 250 zuwa 300, kabad ɗin kuma ba zai ci wannan ba sai an fasa shi. Ban da haka, ita ma irin wannan silinda daga bututun titin take sha. Lita 12 za ta shiga, lita 12 za ta fito. Amfaninta na ciyar da shawa biyu a lokaci guda ba ya bayyana sai ruwan da ke shigowa ya kusa lita 20 a minti. A gida mai banɗaki ɗaya, inda dole wanka ya zama bi da bi, kombi ta fi. Da a ce masu gidan na shirin gina ɗaki da banɗaki a cikin rufi, amsar za ta juya: a fara tone tsohon bututun da ya shigo daga titi a sa shuɗin na roba mai milimita 25, a sake awo, sannan a sa silinda. Gidajen da aka gina kafin 1970 da yawansu bututun dalma ne ke kawo masu ruwa, siriri, kuma canza shi alheri ne ko don lafiyar ruwan sha.

Zafin da gidan ke zubarwa

Ƙirga radiyeta ba awo ba ne. Abin da ake bukatar sani shi ne yawan zafin da gidan ke asara ta bango, taga, rufi, daɓe da iskar da ke shiga tana fita, a ranar da sanyi ya fi tsanani. Injiniyan ya auna kowane ɗaki, ya duba tagogi ya ga masu gilashi ruɓi biyu ne, ya leƙa rufi ya tarar an shimfiɗa audugar tare sanyi, ya yi lissafi a kan falo mai digiri 21, ɗakunan kwana 18, waje kuma digiri 3 ƙasa da sifiri. Jimillar ta tsaya wajen kilowat 7.

Mai gida na iya gwada wannan da kansa da mitar gas. A rana mai sanyi a bar ɗumama a kunne awa 24, a karanta mita a farko da ƙarshe. A wannan gida an ƙona kubik mita 15 a ranar da matsakaicin sanyin waje ya kasance digiri 2, cikin gida kuma 20. A cire 2 na girki da wanka, saura 13. Kowace kubik mita tana ɗauke da kusan kilowat-awa 11, tsohuwar boila kuma kashi uku cikin huɗu take shigarwa cikin ruwa, sauran ya bi hayaƙi. Abin da ya isa ɗakuna bai wuce kilowat-awa 110 ba, wato kilowat 4 da rabi a kowace awa. Idan aka miƙa lissafin zuwa ranar da ta fi sanyi, ana samun kusan 6. Awon biyu sun yi kusa da juna, kuma dukansu sun nuna abu guda: ko mafi ƙanƙantar kombi a kasuwa ta ninka bukatar ɗakunan nan sau uku.

Saboda haka lambar da ta fi muhimmanci wajen ɗumama ita ce wadda ba a bugawa a jikin kwali: iyakar yadda boila za ta iya rage wutarta ba tare da ta mutu ba. Kwanakin tsananin sanyi kaɗan ne a shekara. Yawancin lokacin da ake kunna ɗumama, daga Oktoba zuwa Afrilu, waje na tsakanin digiri 5 da 12, gidan kuma kilowat 3 zuwa 4 kawai yake so. Boilar da ba ta iya sauka ƙasa da 7 ko 8, kamar manyan kombi da yawa, za ta kama, ruwa ya yi zafi fiye da kima cikin minti biyu ko uku, ta mutu, ta jira, ta sake kamawa, haka yini guda. Kamar direban da ba ya da komai sai taka totur da taka birki. Gas na tafiya a banza, fanka da abin kunna wuta da bawul ɗin gas suna tsufa da wuri, ɗaki kuma yana zafi yana sanyi. Wadda aka zaɓa tana sauka zuwa ƙasa da kilowat 4. Wannan lamba tana cikin takardar bayanan kowace boila, kuma ya kamata mai saye ya nemi a nuna masa ita kafin a yi maganar sunan kamfani. Worcester Bosch, Vaillant, Ideal, Baxi, Viessmann, duk suna da masu sauka sosai da waɗanda ba sa sauka, wani lokaci a farashi kusan ɗaya. A ranar kunnawa an kuma shiga saitin injiniya an ƙayyade ƙarfin ɗumama a kilowat 10, ruwan famfo ya ci gaba da samun 30 ɗinsa cif.

Tun Afrilun 2005 doka a Ingila da Wales ta ce kusan duk boilar gas da za a sa a gida ta zama mai tatsar tururi. Idan gas ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin gas ɗin yana cikin wannan tururi. Boilar zamani tana sanyaya hayaƙinta har tururin ya koma ruwa kamar raɓa, ta kwashe zafinsa. Amma hakan ba ya faruwa sai ruwan da ke dawowa daga radiyeta ya sauka ƙasa da digiri 55. Boiloli masu yawa an bar su a kan 75 ko 80 tun ranar da aka sa su, ruwa na dawowa da 60 da wani abu, ba sa tatsar komai. An biya kuɗin sabuwa, ana samun aikin da bai kai abin da za ta iya ba. Wannan asara ce da ke ba da takaici, domin maganinta murɗa maɓalli ne.

Sai dai rage zafin ruwa na rage abin da radiyeta ke bayarwa. Ƙarfin da aka rubuta wa radiyeta an auna shi ne da ruwan da ya fi ɗaki zafi da digiri 50. Idan ruwa na fita da 55 yana dawowa da 45, tazarar ta koma 30, radiyetar kuma rabin ƙarfinta kawai za ta bayar. Tara ɗin gidan a rubuce sun kai kilowat 13, rabinsu ya kusa 7 ɗin da ake nema, domin an sa su ne tun kafin a canza tagogi da rufi. Ɗaki biyu ne suka gaza: falo, saboda faffaɗar tagarsa mai fitowa waje, da ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigidan, wanda ake son ya fi sauran ɗumi. An cire radiyetocinsu masu fuska ɗaya an sa masu fuska biyu da fiffike biyu, tsawo ɗaya, ba a taɓa bututu ba. Kowace radiyeta ta samu bawul mai daidaita zafi da kansa, ban da ta wurin da ma'aunin zafin gida yake, kamar yadda ƙa'idar gini ta nema tun Yunin 2022.

Ƙa'idar Boiler Plus ta Afrilun 2018 ta wajabta wa sabuwar kombi a Ingila ingancin kashi 92 cikin 100, da na'urar saita lokaci da zafi, da ƙarin dabara ɗaya ta tsimi. A nan an zaɓi ma'aunin zafi mai gaya wa boila ta rage wuta yayin da ɗaki ke kusantar zafin da ake so, maimakon kunnawa da kashewa kawai. Wajibi ne ma'aunin da boilar su ji yaren juna. Wasu na amfani da OpenTherm, Vaillant na da nata eBUS, Worcester Bosch na da EMS. Ma'auni mai tsada da aka haɗa da boilar da ba ta jin yarensa ya koma makunni kawai.

Bututun gas

Nan ne lissafin injiniyan da aka tura wa hotuna ta waya ya rushe. Daga mitar gas zuwa kicin bututu mai milimita 15 ne, tsawon mita 9, da gwiwa shida. Kowace gwiwa ana lissafa ta a matsayin ƙarin rabin mita, don haka tsawon ya zama 12. Ƙa'ida ita ce kada matsin gas ya faɗi fiye da milibar 1 tsakanin mita da boila, daga wajen 21 ɗin da yake fitowa da shi. A wannan tsawo, bututu mai 15 bai kai ya ɗauki kubik mita ɗaya da rabi a awa ba. Kombi mai kilowat 30 tana jan fiye da 3 idan tana dafa ruwan wanka. Bututu mai 22 yana ɗaukar kusan 4, ya ishe ta. Mai kilowat 40 za ta ja fiye da 4, sai an je ga mai 28, kuma idan aka haɗa da babban kukan gidan mai kai biyar da tanda, an kusa cika kubik mita 6 da mitar gida ta saba bayarwa a awa.

Kombin da aka ɗora a kan siririn bututu tana kamawa, kuma radiyeta na yin zafi, shi ya sa ba a gane matsalar a ranar farko. Sai an buɗe shawa ruwa ya ƙi kai zafinsa, ko wutar kuka ta dushe duk sanda boila ta kama, ko ta riƙa mutuwa tana nuna lambar kuskure. Injiniyan da ya ga haka yana da ikon rubuta ta a matsayin mai haɗari, garanti kuma ba ya rufe ta. An ja sabon bututu mai 22 daga kusa da mita.

Babu mai izinin taɓa wannan aiki sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a Afrilun 2009. Katinsa na da hotonsa da lamba mai alƙaluma bakwai, a bayan katin kuma an jera irin ayyukan da aka yarje masa. Mai izinin kuka ba lallai ne yana da na boila ba. Ana iya duba lambar a shafinsu na intanet cikin minti guda. A tsakanin 'yan gida da ke zaune a can akan samu mai cewa ya san wani ɗan'uwa da ya iya aikin famfo, zai yi a rabin kuɗi. Ko da ya ƙware, idan ba ya cikin rajista aikin ya saɓa doka, ba takardar shaida, ba garanti, kuma rayukan yara ake sakawa a ciki.

Ranar aiki da abin da ya biyo baya

Aikin ya ci kwana biyu. Ruwan da ya fito daga radiyetocin baƙi ne wuluk, tsatsar ƙarfe ta shekaru da ta zama laka. Tsohuwar boila mai faffaɗan ciki tana haƙuri da ita. Kombi ba ta yi. A cikinta akwai wani ƙaramin ƙarfe mai faranti-faranti inda ruwan ɗumama ke miƙa wa ruwan famfo zafi, hanyoyinsa sirara ne ƙwarai, kuma da laka ta toshe shi shawa za ta riƙa zafi tana sanyi. An zuba maganin wanki mako guda kafin aikin aka bar shi yana zagayawa, aka wanke radiyeta ɗaya bayan ɗaya da inji har ruwa ya fito fes, aka sa matata mai maganaɗisu a bututun da ke dawowa boila, sannan aka zuba maganin hana tsatsa. Ruwan Manchesta daga tafkunan Thirlmere da Haweswater yake zuwa, mai laushi ne, don haka ba a bukaci na'urar hana farin dutsen nan da ke kama cikin butar shayi ba. A Landan da kudu maso gabashin Ingila dole a sa ta.

An cire injin da ke ƙara wa shawa ƙarfi, domin ba a haɗa irinsa da kombi, aka sa kan shawa mai riƙe zafi ɗaya ko matsi ya canza. An yanke duk guntayen bututun da suka zama marasa mafita bayan cire tankuna, don kada ruwa ya kwanta a ciki. Wani ƙaramin gyara ya yi tasiri fiye da girmansa: tsohon bututun ruwan zafi mai milimita 22 ne, kuma kowace mita ta irinsa na riƙe da kusan sulusin lita. Mita 10 zuwa bayin ƙasa lita 3 ce ta ruwan sanyi da sai ta zube kafin ɗumi ya iso, mai alwala kuwa ya gama kafin nan, an ƙona gas an ɗumama bututu kawai. Da aka mayar da shi mai 15, abin ya ragu da fiye da rabi. Kombi tana da saitin da ke ajiye ɗan ruwa da ɗumi a cikinta don famfo ya yi saurin zafi. Yana cin gas kaɗan kaɗan dare da rana, don haka aka saita shi ya yi aiki da asuba da yamma kawai.

Boilar ta zauna a bangon kicin na waje, ƙarƙashin banɗaki. Bakin bututun hayaƙinta ya nisanci tagar da ake buɗewa da fiye da milimita 300, kuma an karkatar da shi daga ƙofar maƙwabci, domin farin tururin da take fitarwa da sanyi yana jawo rigima. Ruwan da take tatsa, wanda kan kai lita 2 a awa kuma yana da ɗan tsami mai cin ƙarfe, an bi da shi ta bututun roba zuwa magudanar wurin wanke-wanke, a cikin gida. Wannan zaɓi ne da gangan. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, da ƙanƙara ta rufe Birtaniya, boiloli masu ɗimbin yawa sun tsaya ba don sun lalace ba, sai don siririn bututun nan ya daskare a waje. Inda dole ya fita, a sa mai milimita 32, a naɗe shi, kada ya wuce mita 3, kuma ya gangara sosai. Idan ya daskare, ruwan ɗumi ake zuba masa, ba tafasasshe ba.

An kafa ƙararrawar iskar kabon monoksaid a tazarar mita 1 zuwa 3 daga boilar, abin da doka ta wajabta a Ingila tun Oktoban 2022. Wannan iska ba ta da launi ko wari. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da ke sauƙi idan an fita waje su ne alamunta. A gidajenmu akwai wata hanyar da take shigowa wadda ba ruwan boila: garwashin gawayi na turaren wuta ko na gashi a ɗaki mai rufaffun tagogi. Gidan Ingila ba ya shan iska kamar tsakar gidan Kano ko Damagaram. Idan ƙararrawa ta yi kuka, a buɗe tagogi a fita, kada a cire mata batir. Warin gas kuwa, lambar gaggawa ita ce 0800 111 999.

Mako biyu bayan aikin, allurar matsi ta sauka daga bar 1.2 zuwa ƙasa da rabin bar, boila ta ƙi kamawa. An yi tsammanin haka. Tsohon tsari nauyin ruwan tankin rufi kawai yake ɗauka, wanda bai wuce wajen rabin bar ba. Sabon rufaffe ne, yana zama tsakanin 1 da 1.5. Duk mahaɗar da ta yi rauni sai ta nuna kanta. An samu ɗigon a ƙarƙashin tsohon bawul na radiyetar saman bene, aka canza shi. Abin da bai kamata ba shi ne a riƙa ƙara ruwa kowane mako ana ci gaba: sabon ruwa na shigo da iska, iska na kawo tsatsa, maganin da aka zuba kuma yana tsinkewa. Idan kuma akasin haka aka gani, allura na haurawa zuwa 3 duk sanda radiyeta suka yi zafi har ruwa na ɗiga ta ƙaramin bututun jan ƙarfe da ke waje, to tulun da ke karɓar kumburin ruwa ne ya sace iska, sai injiniya ya sake hura shi.

A watan farko na sanyi an sa ruwan ɗumama a digiri 55, na famfo a 50. Radiyeta ba sa ƙona hannu kamar da, kuma uwargida ta ɗauka boilar ba ta aiki sosai. Haka ya kamata su kasance: ɗumi mai sauƙi na tsawon lokaci, a kunna da wuri a bar shi. A daren da ƙanƙara ta sauka ana iya ɗagawa zuwa 60 ko 65, a mayar idan ta wuce.

Kabad ɗin da silinda ta bari an shawarce su kada su rushe shi. Na'urar da ke zuƙo zafi daga iskar waje, wadda gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 a kanta a Ingila da Wales tun Oktoban 2023, tana bukatar silinda, kuma radiyetocin da aka daidaita a kan digiri 55 sun riga sun rage aikin da za a yi idan wata rana aka koma gare ta.

Takardu uku suka rage a hannun maigida: shafin Benchmark da ke bayan littafin boila, inda injiniya ya cike matsin gas da awon hayaƙi da ya samu ranar kunnawa, takardar shaidar bin ƙa'idar gini da ke zuwa bayan ya sanar da Gas Safe, wadda lauya zai nema ranar sayar da gidan, da rajistar garanti. Garantin na shekara 10 ne, da sharaɗin a yi sabis kowace shekara a rubuta a littafin. A sabis ɗin a tabbata an buɗe matatar maganaɗisu an wanke, an gwada ƙarfin maganin tsatsa, an kuma wanke tarkon ruwan tururi. Watan Satumba ya fi dacewa da shi, kafin layin masu kira ya yi tsawo.